Abin Shan Hunturu a Ingila Ga Mai Ƙaramin Aljihu: Shayi, Horlicks, Vimto Mai Zafi, Ko Giyar Da Aka Ce Ba Ta Sa Maye?

Daga Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, ranar da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, yini a Ingila yakan fara tsukewa. Zuwa tsakiyar Disamba, a London ko Manchester, ana yin magariba tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba, isha'i kuma kafin shida. Sanyin bai kai na Kanada ko Rasha ba, yawancin ranaku yana yawo ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, amma sanyi ne mai danshi, ga yayyafi ga iska, shi ya sa yake ratsa ƙashi. A daidai wannan lokaci ne manyan kantuna ke jera giyar hunturu a gaba-gaba. Giya ce mai duhu da kauri wadda aka yawaita mata gasasshen tsiron sha'ir, ƙarfinta kuma yakan kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ko fiye. Akwai sanannu irin su Young's Winter Warmer da Winter Welcome ta kamfanin Samuel Smith, akwai kuma masu araha da ke cika kantunan rangwame.

Ga Musulmi wannan babi a rufe yake. Kuma ko wanda addininsa bai hana shi ba ya kamata ya san cewa barasa ba ta ɗumama jiki. Abin da take yi shi ne buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sai mutum ya ji ɗumi a fuska da hannuwa alhali zafin cikinsa ne ke tsiyayewa waje. Amma buƙatar da ta sa Turawa suka ƙirƙiro giyar hunturu tana nan ga kowa: a dawo gida cikin duhu, a samu wani abu mai kauri da ɗan zaƙi a riƙe a hannu. Ɗalibin da ke lissafin kowane fam, ma'aikaciyar jinya da ke tashi aiki ƙarfe takwas na dare, magidancin da ya kawo iyali bara, duk tambayarsu ɗaya ce: me za a ajiye a kicin daga Nuwamba zuwa Maris?

Ma'aunin da za a bi

Na farko kuɗin kofi ɗaya, ba kuɗin gwangwani ba. Gwangwanin fam huɗu da ke ba da kofi goma sha shida ya fi kwalin fam huɗu mai ƙulli tamanin tsada nesa ba kusa ba, kuma duk abin da sai da madara ake haɗa shi, kuɗin madarar na cikin lissafi. A nan zan kira ƙaramin kuɗin Ingila kwabo, kwabo ɗari ke yin fam ɗaya. Farashin da zan kawo kiyasi ne na manyan kantuna a 'yan shekarun nan, yana hawa yana sauka, musamman ga mai katin rangwame irin Clubcard na Tesco ko Nectar na Sainsbury's.

Na biyu, shin yana ɗumama mutum, yana kuma riƙe ciki? Na uku, kwana nawa yake yi bayan an buɗe shi, domin gidajen Ingila akwai danshi, kuma danshi abokin gabar duk wani gari ne. Na huɗu sauƙin haɗawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai raba kicin da mutum biyar. Na ƙarshe haɗari: halascinsa, yawan sukari ko gishiri, da abin da zai yi wa barci. Hukumar lafiya ta NHS ta ce kada babba ya wuce giram 30 na sukarin da ake ƙarawa a rana, gishiri kuma giram 6. Waɗannan lambobi biyu za su yi ta dawowa.

Kuɗin wuta ba abin damuwa ba ne idan an yi hankali. Tafasa ruwan kofi ɗaya a butar lantarki bai kai kwabo ɗaya ba. Cika butar taf kowane lokaci shi ne ɓarnar, don yana cin wajen kwabo biyar, a zubar da sauran ruwan ya huce a banza.

Shayi

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne Lipton, wanda a gida sunansa ya zama sunan ganyen shayi gaba ɗaya, ba shi ne sarki a nan ba, duk da cewa Thomas Lipton ɗan Glasgow ne. Sai a shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya aka fi ganin kwalinsa mai ruwan ɗorawa. Masu riƙe da kasuwa su ne Yorkshire Tea na kamfanin Taylors da ke Harrogate, PG Tips wanda ya samo asali a 1930, da Tetley, wanda ya shigo da shayin ƙulli Birtaniya a 1953, kuma tun shekarar 2000 mallakin kamfanin Tata na Indiya ne. Yawancin ganyen da ke cikinsu daga Kenya da sauran gabashin Afirka da yankin Assam na Indiya yake zuwa.

Kwali mai ƙulli 80 na waɗannan sunaye yana tsakanin fam uku zuwa huɗu. Na kanti da kansa, wato wanda Aldi, Lidl, Asda ko Tesco ke bugawa da sunansu, yakan zo a rabin haka ko ƙasa. Da ɗan madara da wuta, kofi yana tsayawa a kwabo shida zuwa goma. Babu wani abin sha mai zafi a jerin nan da ya fi shi araha. Kofin shayi guda a shagon kofi na tashar jirgi kuwa yakan haura fam biyu, kuɗin ganyen kusan wata ɗaya ke nan.

Shin mai sunan ya fi na kanti? Idan ruwan bunu za ka sha, ko ka ɗiga madara kaɗan irin ta Turawa, eh, ana jin bambanci. Yorkshire ya fi cika baki, yana ba da launi da wuri, mai araha kuma sai ka bar shi minti huɗu ko ka sa ƙulli biyu. Amma idan shayin gida za ka dafa, a tukunya, da dakakkiyar ɗanyar citta, kanumfari uku, ɗan masoro da kirfa, a bar shi ya tafasa sosai sannan a zuba madarar gwangwani, to kuɗin da ka ƙara a kan suna asara ne. Kayan ƙamshin sun rufe bambancin. Ni a ganina wannan ne haɗin da ya fi kowanne riba a duk jerin nan: ganye mai araha, citta mai yawa. Cittar tana ba da zafin da ke daɗewa a maƙogwaro da ƙirji bayan kofin ya ƙare, abin da shayin Turawa ba ya yi. Saiwar citta a shagon 'yan Pakistan ba ta da tsada, kuma idan ka yayyanka ta ka jefa a firiza za ta yi watanni.

Akwai batun ruwa da mutane da yawa ba su lura da shi ba. London da kudu maso gabashin ƙasar suna kan dutsen alli, don haka ruwan famfonsu mai nauyi ne. Za ka ga wani siririn maiƙo yana yawo a saman shayin, yana manne wa bakin kofi, cikin butar kuma ya yi fari fat da ɓawo. Ba cuta ba ne, amma yana dusashe ɗanɗano. Yorkshire Tea har da wani nau'i na musamman suke yi don irin wannan ruwa. Manchester na jan ruwanta daga tafkunan Lake District, Birmingham kuma daga kwarin Elan a Wales, duka ruwa mai laushi, shi ya sa ganye ɗaya yakan fi daɗi a can. Mazaunin London ya riƙa tafasa ruwan lemon tsami a butarsa lokaci-lokaci, ɓawon zai saki.

Ganyen shayi yana shekara guda ko fiye idan an juye shi a gwangwani mai murfi. Haɗarinsa biyu ne. Babban kofin shayi na ɗauke da kimanin miligiram 75 na kafeyin, kuma da yake dare na farawa tun ƙarfe huɗu, abu ne mai sauƙi mutum ya sha kofi uku tsakanin magariba da kwanciya, ya wayi gari yana zargin sanyi da hana shi barci. Mai juna biyu an shawarce ta kada ta wuce miligiram 200 a rana. Na biyu sukari. Cokali uku a kofi, sau uku a rana, an riga an tsallake giram 30 ɗin nan tun ba a taɓa biskit ba. Mai ƙarancin jini kuma ya raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Horlicks da Ovaltine

Ɗanɗanon da Bature ke nema a giyar hunturu, wato zaƙin nan mai ƙamshin gasasshen hatsi, daga tsiron sha'ir yake fitowa. Duk wanda ya san yadda ake sa tsiro a kunun zaƙi ya san hikimar: hatsi idan ya fara tsira, garin cikinsa yana juyewa ya zama zaƙi. Mai yin giya yana zuba yis a wannan ruwa mai zaƙi ya bar shi ya ruɓa har ya zama barasa. Mai yin Horlicks kuwa busar da shi yake yi ya haɗa da alkama da madara, ba ruɓawa, ba maye. Saboda haka idan wannan ɗanɗano ne abin sha'awa, ga shi nan a gwangwani ba tare da wata shubuha ba.

'Yan'uwa biyu Turawan Ingila, James da William Horlick, su suka ƙirƙiro shi a Amurka a shekarun 1870, aka gina masa masana'anta a garin Slough na Ingila a 1908, wadda ta yi aiki fiye da ƙarni guda kafin a rufe ta. Ovaltine ɗan Switzerland ne, daga birnin Bern a 1904, ya shigo Birtaniya a 1909. Wanda ya tashi da Ovaltine, Bournvita da Milo a teburin mai shayi ba baƙonsa ba ne, sai dai zai ji na Ingila bai kai na gida zaƙi da ƙarfin koko ba. Horlicks fari ne, ba koko a ainihin nau'insa, mai laushi a baki, har da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe. Wasu na ƙaunarsa daga kurɓar farko, wasu kuma na cewa abincin jarirai ne. A fara da ƙaramin gwangwani.

Gwangwanin giram 400 yana kusan fam huɗu, yana ba da kofi kamar goma sha shida. Ƙara madarar kofi guda, wajen kwabo goma sha huɗu idan babbar jarkar lita biyu da ɗoriya ka saya, sai kofi ya tashi kusan kwabo arba'in. Ya ninka shayi sau huɗu ko biyar. Kowannensu yana da nau'i biyu, na haɗawa da madara da na zuba ruwan zafi kawai. Na ruwan ya fi sauƙi da araha, amma salam yake, kuma kaurin da ake nema ya tafi. Kantuna suna da nasu kwaikwayon a farashi mai sauƙi, wasu ba laifi.

Wurin haɗawa ne mutane ke ɓata shi. Idan ka zuba garin a kan madara mai zafi zai dunƙule ya yi gudaji. A sa garin a kofi tukuna, a ɗiga madara kaɗan, a dama da cokali har ya zama kamar ƙullu, sannan a cika. Kada kuma a sa jiƙaƙƙen cokali a gwangwani. Garin tsiro yana jan danshi sosai, a kicin mai tururi cikin 'yan makonni zai ƙame ya zama dutse, sai da wuƙa.

Fa'idarsa babba ita ce dare. Horlicks ba shi da kafeyin, Ovaltine kuma ɗan abin da ke cikin koko ne kawai, kuma da madara suna riƙe ciki. Turawa sun daɗe suna ɗaukar sa a matsayin abin sha kafin barci, ko da yake ɗumin madarar da sabo ne ke yin yawancin aikin. Haɗarin: sukarin kofi ɗaya ba kaɗan ba ne, don haka kada a ƙara wani a kai, kuma akwai alkama da sha'ir da madara ga wanda jikinsa ba ya karɓar su.

Garin cakulan irin na Cadbury yana layi ɗaya da su, ɗan sauƙi a kuɗi, wajen kwabo talatin da madara. Mafi yawan abin da ke gwangwanin sukari ne, koko ne ƙarami. Yara za su zaɓe shi kullum idan aka bar su. Sayen zallar garin koko a sa sukari da hannu ya fi, ko da yake yana buƙatar damawa.

Vimto da Ribena da ruwan zafi

Wanda ya san Vimto a teburin buɗa-baki, da ƙanƙara, zai yi mamakin ganin ana sayar da shi da zafi a rumfunan kasuwa da filayen ƙwallo na arewacin Ingila. Amma can ne gidansa. John Noel Nichols ya haɗa shi a Manchester a 1908, daga inabi da wasu 'ya'yan itatuwa na ƙasar sanyi da ganyayen ƙamshi, a zamanin da masu yaƙi da shan barasa ke buɗe shagunan abin sha marar maye don janye ma'aikata daga mashaya. Wato tun asali an yi shi ne don amsa irin tambayar da muke yi. Daga baya ya isa ƙasashen Larabawa ya zama abokin azumi. Ribena, wadda ake yi da ɗan itacen da ake kira blackcurrant, ta fito a 1938 a Bristol, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu, da lemo ya yi wuya, gwamnati ta riƙa raba wa yara ruwan wannan ɗan itace kyauta saboda bitamin C.

Haɗawa ba ta wuce minti ɗaya: kashi ɗaya na ruwan kwalba, kashi huɗu na ruwan zafi. Ba madara, ba tukunya, ba wanke-wanke. Kwalbar lita ɗaya na ba da kofi ashirin, kofi na tashi kwabo goma zuwa goma sha biyar. Ba kafeyin, yara na sha, kuma ga mai mura yana da daɗi a maƙogwaro, musamman da yankan citta da lemon tsami. Rauninsa shi ne ba ya riƙe ciki ko kaɗan, ruwa ne mai zaƙi. Kuma tun da aka sa harajin sukari a kan lemon kwalba a Afrilun 2018, kamfanoni da yawa sun rage sukari sun cike da sinadaran zaƙi, waɗanda ɗacinsu ya fi fitowa idan abin ya yi zafi. Vimto mai kauri na kwalbar gilashi, irin na Saudiyya, ana samun sa a shagunan 'yan Asiya. Ya fi daɗi da zafi, ya fi tsada, sukarinsa kuma ya fi yawa. Bayan buɗewa a duba bayan kwalba, wasu na buƙatar firij da a shanye cikin 'yan makonni.

Ruwan tuffa da zobo a tukunya

A kasuwannin Kirsimeti za ka ji ƙamshin kirfa da kanumfari yana tashi daga manyan tukwane. Mafi yawansu jan giyar inabi ce ko giyar tuffa aka ɗumama, kuma ɗumamawa ba ta kore barasar. A kula da kalmar cider: a Ingila giya ce, ko da an zana tuffa a jikin kofin. Na gida mai tsabta abu ne mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwan tuffa na kwali, sandar kirfa, kanumfari biyar, ɓawon lemo, citta, a bar shi a kan ƙaramar wuta minti goma sha biyar ba tare da ya tafasa ba. Yana ba da kofi huɗu, kowanne kwabo talatin zuwa hamsin.

Zobo ya fi shi araha. Ana samun busasshensa a shagunan 'yan Afirka da 'yan Karibiyan a Peckham, Moss Side, Handsworth da makamantansu. Mutanen Jamaika suna kiransa sorrel, kuma abin shan Kirsimetinsu ne, sai dai nasu na biki sau da yawa ana zuba masa barasar rake, don haka a tambaya kafin a karɓa. Busasshen zobo yana wata da watanni, kuma kai ke da iko da sukarin. Dafa shi da zafi, rabi zobo rabi ruwan tuffa, yana ba da launi da ƙamshin abin da ake sayarwa a kasuwar kan fam biyar ko fiye. Matsalarsa aiki: tukunya, tacewa, da jan tabo a kan teburin kicin na haya. Abin ranar hutu ne, ba na mai dawowa a gajiye ba. Mai shan maganin hawan jini ya yi magana da likita kafin ya mayar da zobo abin kullum.

Bovril

Wannan romon naman shanu ne da aka daskarar ya zama baƙin maɗi mai kauri, a ɗebi cokali a dama a ruwan zafi. Abin shan 'yan kallon ƙwallo ne a ranakun sanyi, kuma a Burton upon Trent ake yin sa, garin da ya yi suna da giya. Kofi wajen kwabo ashirin, kwalba na daɗewa, ba sukari. Amma gishirinsa yana da yawa, kuma naman ba a sayar da shi a matsayin yankan Musulmi. Ga mai kiyaye wannan, magana ta ƙare. Ƙashin fam biyu daga mahaucin halal, da citta da masoro da attaruhu, zai ba ka romon kwana uku da ya fi shi komai.

Giyar da aka cire wa barasa, da Supermalt

Nan ne abokan aiki za su matsa maka da kyakkyawar niyya: ai wannan ba ta sa maye. Kasuwarta ta bunƙasa, kamfanonin Ingila irin su Adnams na Suffolk da St Peter's suna yin ta, kuma kowane babban kanti na da sashenta. Sai dai a karanta lambar da ke jikin kwalba, ba babban rubutun ba. A ƙa'idar gwamnati ta Ingila, wadda za a kira marar barasa ba ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari. Wadda aka cire wa barasa tana iya kaiwa 0.5, mai ƙarancin barasa kuma har 1.2. Ƙa'idar shawara ce, kuma kayan da aka shigo da su daga Turai sukan rubuta marar barasa alhali 0.5 ne. Ghost Ship na Adnams, misali, 0.5 ne a rubuce.

Yawancinsu ana yin su ne a matsayin cikakkiyar giya, sannan a tace barasar ko a fitar da ita da tururi. Wasu kuma ana tsayar da ruɓawar tun da wuri. Wannan ya sa malamai suka yi saɓani: akwai masu duba ko abin na iya sa maye, akwai masu cewa abin da asalinsa giya ne ba ya tsarkaka da tacewa, ga kuma batun kamanceceniya da mashaya. Mai son shiga wannan ya kai wa malaminsa sunan kwalbar da yadda aka yi ta. Amma ko an ajiye batun addini gefe, a ma'auninmu ita ce ta ƙarshe. Kwalba ɗaya fam ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuɗin shayin mako biyu ko uku. Da sanyi ake shan ta, ga mutumin da ya shigo yana rawar ɗari. Ɗanɗanonta kuma akwai ɗacin furen hops, wanda sai harshen da ya saba da giya ne ke marmarinsa. An yi ta ne don mai son rage sha, ba don wanda bai taɓa farawa ba.

Supermalt wani abu ne daban. A Denmark ake yin sa tun 1972, ba a ruɓar da shi, kuma ɗan'uwan Maltina da Malta ne da aka sani a gida. Yana da kauri da zaƙin tsiro, kwalba kusan fam ɗaya, ƙasa da haka idan an sayi fakiti. Sukarin kwalba guda na iya cinye kason yini gaba ɗaya, kuma shi ma ba ya ɗumama kowa. Na taron suna ne da walima.

Sunaye na ruɗarwa a wannan sashe. Ginger ale lemon citta ne kawai duk da sunansa. Ginger beer galibi ba maye, amma ta Crabbie's giya ce sosai. Ginger wine irin ta Stone's ta fi giyar hunturu ƙarfi ninki biyu, yayin da Rochester Ginger ba ta da barasa. Duk kwalbar da ta haura kashi 1.2 dole a rubuta ƙarfinta a jiki, don haka ido a kan lamba.

| Abin sha | Kofi ɗaya, kiyasi | Ɗumi da riƙe ciki | Daɗewa | Sauƙi | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Shayi da citta | kwabo 6–10 | ɗumi sosai, ciki kaɗan | shekara | minti 3–10 | kafeyin, sukari |
| Horlicks ko Ovaltine | kwabo 35–45 | ɗumi, yana ƙosarwa | watanni, in ba danshi | sai an dama | sukari, alkama |
| Cakulan | kwabo 30 | ɗumi, yana ƙosarwa | watanni | sauƙi | sukari mai yawa |
| Vimto ko Ribena | kwabo 10–15 | ɗumi kawai | makonni | mafi sauƙi | sinadaran zaƙi |
| Tuffa ko zobo | kwabo 15–50 | ɗumi sosai | dafaffe, kwana 2–3 | aiki | tabo, tsami |
| Bovril | kwabo 20–25 | ɗumi | watanni | sauƙi | yanka, gishiri |
| Supermalt | kusan fam 1 | ba ɗumi | watanni | buɗewa kawai | sukari |
| Giyar 0.0 ko 0.5 | fam 1.50–2.50 | ba ɗumi | watanni | buɗewa kawai | shubuha, tsada |

Wa ya dace da me

Ɗalibin da kuɗinsa ke ƙarewa kafin wata: kwalin shayin kanti mai ƙulli 160 ko 240, citta a firiza, da filas. Filas ɗin ne zai cece ka, domin kofi biyu da ba ka saya a makaranta ba a kowace rana sun fi ƙarfin duk wani rangwame. Idan firij ɗin na kowa da kowa ne kuma madara na ɓacewa, koma wa ta gari ko ƙaramar ta gwangwani ka ajiye a ɗaki. Peak da Nido suna nan a shagunan 'yan Afirka, amma da tsadar kayan da suka hau jirgi.

Mai aikin dare, a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ko ɗakin ajiyar kaya: shayi a farkon aiki, a daina shi awa biyar ko shida kafin lokacin kwanciya, sannan Horlicks da madara idan an dawo da asuba. Kwabo arba'in ɗin sun cancanta idan sun hana ka kwanciya da yunwa ko soya wani abu a gajiye.

Gida mai yara: Vimto ko Ribena mai ɗumi, a tsinka shi fiye da yadda kwalbar ta ce, cakulan kuma a bar shi na ƙarshen mako. A sha kafin goge haƙori, ba bayansa ba. Kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin ƙwayar bitamin D ta mikrogiram 10 da NHS ke ba kowa shawarar sha daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuma duk shekara.

Mai ciwon sukari ko mai tsoron sa: ruwan bunu da kayan ƙamshi, ko zobo marar sukari. Duk sauran layin tsiro da cakulan da Supermalt ba naka ba ne sai da lissafi.

Mai azumi, yanzu da Ramadan ke matsowa cikin hunturu, tunda na 2026 ya kama a Fabrairu kuma kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya: Vimto mai ɗumi ko shayin citta a buɗa-baki, Ovaltine ko Horlicks da madara a sahur. Kunun gyaɗa ma yana yiwuwa, da man gyaɗar shafa burodi marar sukari da garin shinkafa, kuma ya fi su duka riƙe ciki.

Mai karɓar baƙi Turawa, ko wanda aka ce kowa ya kawo abin sha zuwa liyafar ƙarshen shekara a wurin aiki: tukunyar zobo da ruwan tuffa, da yankan lemo a sama. Lita uku ba za su ci fam biyar ba. A kai shi a babban filas, a tafi da kofunan takarda, a kuma ajiye sukari a gefe, domin yawancinsu ba sa son zaƙi irin namu.